Harsashin Ɗan Sanda da Haƙƙin Talaka na Kare Ransa: Daga Bakolori Zuwa Bakin Ruwan Warra

Da Bahaushe ya tashi raɗa wa ma'aikacin tsaro na zamanin Turawa suna, abin da ya gani a hannunsa ya duba, ya ce masa ɗan sanda. Kafin shi akwai dogari mai jar riga a ƙofar fada, daga baya kuma aka sami ɗan doka na En'e, wanda ya ci zamaninsa har ƙarshen shekarun 1960, lokacin da gwamnatin Janar Gowon ta haɗe 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan tarayya. Cikin waɗannan sunaye uku babu wanda ya ambaci bindiga. Sanda aba ce ta horo, ana bugun mutum da ita ya ji jiki ya koma gida. Amma sunan ya tsaya a inda aka raɗa shi, shi kuwa mai sunan ya ci gaba, har ya zamana a yau da wuya a ga ɗan sanda a kan hanyar Kwantagora zuwa Yawuri ba tare da bindiga mai cin harsashi 30 a rataye ba. Tun da abin ya koma haka, tilas a yi tambayoyi biyu waɗanda ba a raba su. Ta farko, yaushe ne ya halatta ga ɗan sanda ya ɗauki ran mutum? Ta biyu, wadda aka fi jin nauyin faɗa, yaushe ne ya halatta ga mutumin da aka auna da bindigar hukuma ya ɗaga hannu ya kare kansa?

Mutanen Warra da Ngaski da Shanga da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji suna da dalili na musamman na kula da waɗannan tambayoyi. Su ma an taɓa tashinsu saboda madatsar ruwa. Da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da gonakin albasa na Gungawa, da tsohuwar Busa, aka sake wa mutane kimanin 44,000 mazauni. An yi ƙorafi a kan gidajen da aka gina musu da gonakin tudu da aka ba su a madadin fadama, amma ba a kai ga zub da jini ba. Shekara 12 bayan haka aka sake irin wannan aiki a wani ɓangare na jihar tasu, domin a lokacin Warra da Talatar Mafara duk Jihar Sakkwato ce, ba a cire Kebbi ba sai 1991, Zamfara kuwa sai 1996. A can abin ya ƙare da gawawwaki. Kuma ruwan da ya fito daga Bakolori, in ya bi gulbin Sakkwato ya wuce Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa Kwara, ta gaban Yawuri da Warra yake wucewa. Saboda haka labarin Bakolori labarin gida ne ga mai kamun kifi a Warra.

Ga yadda abin ya kasance a taƙaice. An fara ginin dam ɗin Bakolori a 1974 aka gama a 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Manoma kashi uku suka ji a jikinsu. Akwai waɗanda tafki ya haɗiye gidajensu da gonakinsu, dubban mutane, aka mai da su wuraren da ƙasa ba ta da kyau. Akwai waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin noman rani, aka hana su shuka damina bayan damina ana baje ƙasa da manyan motoci, aka sassare itatuwan da suke ci suke sayarwa. Akwai kuma na gangare, masu noman fadama, waɗanda ambaliyar da suka dogara da ita ta ragu. Batun diyya ya yi ta jan ƙafa, wasu aka biya su kaɗan, wasu sunansu bai fito ba sam. Da tura ta kai bango, manoma suka datse hanyoyin shiga wurin aikin, suka tsai da shi. Gwamna Shehu Kangiwa ya yi alkawarin za a duba kukansu. Ranar 28 ga Afrilu, 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka dira musu da harbi. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Masu binciken da suka bi sawun abin daga baya sun kawo adadin 386. Tazarar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ita kanta shaida ce, domin ƙasar da ta ɗauki ran manomi da daraja ba za ta bari a yi saɓanin mutum fiye da 300 a kan waɗanda ma'aikatanta suka harbe a rana ɗaya ba.

Abin lura shi ne, wannan ya faru ne wata bakwai kacal bayan tsarin mulkin 1979 ya fara aiki, a ƙarƙashin gwamnatin farar hula ta Alhaji Shehu Shagari, mutumin wannan jiha. Ba za a ce mulkin soja ne ya jawo ba. Saboda haka sai a koma ga doka a ga abin da ta ce.

Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999, wanda ya gaji sashe na 30 na tsarin 1979, ya tabbatar wa kowa haƙƙin rayuwa. Amma a ƙaramin sashe na biyu sai ya buɗe ƙofofi uku waɗanda in mutum ya mutu ta cikinsu ba za a ce an tauye masa wannan haƙƙi ba: wajen kare wani daga ta'adi ko kare dukiya, wajen kama mai laifi ko hana tsararre gudu, da wajen murƙushe tarzoma ko tawaye. Wannan sashe ba a nan aka ƙago shi ba. An ɗauko shi ne daga yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen Turai ta 1950, bisa shawarar kwamitin Willink na 1958, wanda ya duba fargabar ƙananan ƙabilu dab da samun mulkin kai. Sai dai wajen ɗaukowa an sassauta abubuwa biyu. A can an ce ƙarfin da za a yi amfani da shi sai ya zama ya wajaba matuƙar wajabci, a nan kuwa aka ce ya isa ya zama wanda hankali zai ga ya dace. A can ba a sa dukiya cikin abin da ake kashe mutum dominsa ba, a nan an sa. Mai karatu ya duba wannan da kyau. Manoman Bakolori sun tare hanya sun tsai da aikin miliyoyin naira, watau ga dukiya ga kuma abin da hukuma za ta kira tarzoma. Ƙofa biyu cikin uku ke nan a buɗe, tun kafin a tambaya ko akwai wanda ransa ke cikin haɗari a safiyar nan.

Daɗin daɗawa, umarnin da ke koya wa ɗan sanda lokacin harbi, wanda aka sani da Umarnin Runduna mai lamba 237, ya daɗe yana ba shi izinin harbin wanda ake zargi da babban laifi in ya sheƙa a guje, da kuma harbin taron masu tarzoma in sun ƙi watsewa. Philip Alston, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya a kan kisan gilla, ya zo Nijeriya a 2005 ya yi suka mai tsanani ga wannan umarni, ƙungiyar Amnesty ma ta yi haka a rahotonta na 2009. Sai a 2019 aka sake masa fasali, aka matso da shi kusa da ƙa'idar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a birnin Habana a 1990, wadda gundarinta shi ne ba a harbi da nufin kisa sai in babu wata hanya ta ceton rai. Ko a Amurka, inda 'yan sanda ba su yi suna da tausayi ba, kotun ƙoli ta yanke tun 1985 cewa gudu kaɗai ba ya halatta harbin mutum. An kuma yi sabuwar dokar 'yan sanda a 2020 wadda ta maye gurbin ta 1943. Duk wannan ci gaba ne, ba a musu. Amma umarnin runduna takarda ce ta cikin gida, wani Sufeto Janar ya rubuta wani na iya sakewa, sashe na 33 kuwa yana nan da ƙofofinsa. Kuma a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta 2024, Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Arewa, ciki har da Kano da Katsina da Neja, rundunar 'yan sanda ta musa. Saɓanin ƙidaya irin na 1980 ke nan ya sake dawowa.

To, wannan ɓangaren mai bindiga ne. Shi kuma wanda aka auna fa?

Mutane da yawa, har cikin masu ilmi, suna zaton doka ba ta san wani abu wai shi kare kai daga ɗan sanda ba. Ba haka ba ne. Dokar Final Kot ta Arewa ta 1959, wadda aka ɗauko daga ta Sudan, ita kuma daga ta Indiya ta 1860, ta yi bayanin haƙƙin kare kai a sashe na 59 zuwa na 67. Ta ce kowa na iya kare jikinsa da na wani da dukiya, amma kada ya wuce gwargwadon abin da zai tunkuɗe cutar, kuma babu wannan haƙƙi in akwai lokacin neman taimakon hukuma. Da ta zo kan ma'aikacin gwamnati sai ta ƙuntata: in yana aikinsa da kyakkyawar niyya, ko da ya kuskure wa doka, ba a ɗaga masa hannu, sai fa in abin da yake yi ya kai mai hankali ya ji tsoron mutuwa ko mummunan rauni. Ma'anar wannan a fili take. In ɗan sanda ya kama mutum bisa kuskure, ko ya ƙwace masa babur, ko ya tsare shi a kan laifin da bai yi ba, doka ta ce ya bi, ya nemi haƙƙinsa daga baya. In kuwa ya ɗora masa bindiga zai kashe shi ba da wani dalili ba, to rigar da ke jikinsa ba ta mai da wannan mutum ragon layya ba. A dokar Indiya da aka ɗauko wannan hukunci, an ƙara da cewa ƙuntatawar ba ta hawa kan mutum sai in ya sani, ko yana da dalilin sanin, cewa ma'aikacin hukuma ne a gabansa. Wannan sharaɗi yana da nauyi ƙwarai a ƙasar da 'yan bindiga ke sa kakin jami'an tsaro, wasu jami'an kuma ke yawo da farin kaya cikin mota marar lamba, kamar yadda aka san 'yan SARS da yi kafin a rushe su a 2020.

Malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda alƙalan Yawuri da Gwandu suka karanta tun kafin zuwan Final Kot, sun bi kusan wannan hanya a babin tunkuɗe mai kawo farmaki. A fara da gargaɗi in zai ji, a bi da mafi sauƙin abin da zai hana shi, ba a nufi kisa ba sai in an tabbata babu abin da zai tsai da shi sai shi. Su ɗin dai kuma suka tsananta wajen hana fito-na-fito da masu mulki, saboda fitinar da ke biyo baya takan fi zaluncin da aka tashi gyarawa. Ba a ga saɓani tsakanin hukuncin biyu ba, domin ɗaya yana magana ne a kan mutum guda da wuƙa a wuyansa, ɗayan kuwa a kan jama'ar da ta shirya yaƙi.

A nan ne ake bukatar a rarrabe abubuwa uku da ake cakuɗawa a zancen majalisa, watau kare kai, da turjiya, da ramuwa. Kare kai na lokacin ne, daƙiƙar da rai ke hannun wani, kuma yana ƙarewa da zarar haɗarin ya wuce. Turjiya ita ce ƙin yarda a kama ka don kana ganin ba ka yi laifi ba. Ramuwa kuwa ita ce a kashe ɗan unguwa yau, gobe matasa su ƙone ofishin 'yan sanda da wanda suka samu a ciki. Na farko kaɗai ne hankali da doka da addini za su iya tsaya wa. Turjiya ba ta da mafita, domin babu wanda ake kamawa ya ce ya cancanta, ɓarawon shanu ma yana da hujjarsa. In aka bar kowa ya zama alƙalin kamun kansa, to an rushe kamu ɗungum. Ramuwa kuma ta fi muni, don kusan kullum ba ta samun mai laifin. Kurtun da aka tare a kasuwa ba shi ya yi harbin jiya ba. Ɗan talaka ne, wataƙila ɗan manomi daga Zuru ko Binuwai, mai kwana a bariki mai yoyo. Kada kuma a manta, ranar 17 ga Yuni, 2021, da 'yan bindiga suka auka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai, akwai ɗan sandan da ya rasa ransa yana gadin makarantar. Duk wanda zai yi magana a kan harsashin ɗan sanda a wannan yanki, wajibi ne ya sa wannan gawa cikin lissafinsa.

Ko da an ajiye batun halas da haram, tarihi ya nuna abin da ke biyo bayan taɓa jami'in hukuma a ƙasar nan. A Satiru, kusa da Sakkwato, talakawa masu fartanya da gatari sun karya rundunar Turawa a Fabrairu 1906, a watan Maris aka dawo aka shafe garin daga doron ƙasa. A Odi ta Jihar Bayelsa wasu matasa sun kashe 'yan sanda 12 a Nuwamba 1999, soja suka shiga suka rushe garin, tsofaffi da yaran da ba su san hawa ba balle sauka suka biya. A Zaki Biyam an kashe soja 19 a 2001, aka maimaita. Wanda ya zuga mutanen ƙauye su ɗauki makami a kan hukuma, alhali shi yana zaune a birni, ya san ba gidansa za a ƙone ba.

Amma fa wannan rabin magana ne, kuma shi ne rabin da masu mulki suka fi son ji. Dokar da ta ce wa talaka ya sunkuya yanzu ya kai ƙara daga baya, ciniki ta ƙulla da shi. Ya ba da haƙurinsa a take, ita kuma ta yi masa alkawarin adalci a gaba. In babu wannan gaba, to an karɓi kaya ba a biya ba, kuma hukumar da ta yi haka ba ta da bakin yi wa kowa wa'azin bin doka. Sharaɗin nan na cewa babu kare kai in akwai lokacin neman taimakon hukuma, wace ma'ana gare shi ga manomin Bakolori, wanda hukumar da zai nema ita ce ke harbinsa? A duba shari'ar 'yan kasuwa shida na Apo a Abuja. An kashe su a Yuni 2005, aka ce 'yan fashi ne, aka kafa kwamitin bincike saboda hayaniyar jaridu da ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa, amma ba a yanke hukunci ba sai Maris 2017, inda aka yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa aka sallami uku. Shekara 12 ke nan, a babban birnin ƙasa, da lauyoyi da 'yan jarida a kai. Mutanen Odi sai 2013 kotu ta ce a biya su diyya. In haka ne a inda ido ke gani, mai karatu ya auna abin da zai sami iyalin wani masunci da aka harbe a mashigar jirgin ruwa a bakin Kainji.

Kuma illar rashin hukunci ba ta tsaya kan mamaci da danginsa ba. A Maiduguri, harbin da jami'an tsaro suka yi wa masu rakiyar gawa a Yuni 2009 a kan batun hular kwano, da kuma kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda ranar 30 ga Yuli na shekarar bayan soja sun miƙa shi da rai, ba su ne suka haifi aƙidar mutumin ba, kuma ba su wanke ta'asar mabiyansa ba. Amma sun ba su labarin da suka yi shekaru suna jan matasa da shi, kuma 'yan sanda na cikin waɗanda suka fi biya da rayukansu. Da an kai shi gaban alƙali, da an ji daga bakinsa su wa suka tsaya masa. Harsashi ɗaya ya binne wannan duka.

Akwai wani abu kuma da ya shafi al'adar ƙasar Hausa kai tsaye, wanda ba a cika faɗa ba. Musulmi yana gaggauta binne mamacinsa, kuma abu ne mai kyau. Amma in mutum ya mutu da harsashi da safe aka rufe shi kafin la'asar, ba likitan da ya duba raunin ya ce ta gaba harsashin ya shiga ko ta baya, ba hoto, ba takarda, to an binne shi tare da shaidarsa. Dangi su ce sun bar wa Allah, manya su shiga tsakani, a kawo buhun shinkafa da 'yan kuɗin ta'aziyya, magana ta mutu. Barin abu ga Allah halin kirki ne ga wanda aka zalunta in ya zaɓa da kansa. Amma in tsoro ne ya sa, ko rashin kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi, bai kamata a kira shi tawakkali ba. Jinkirin sa'a biyu don likitan babban asibiti ya rubuta abin da ya gani ba zai hana jana'iza ba, kuma wannan aiki ne da limamai da hakimai za su iya ɗaure wa gindi ba tare da jiran Abuja ba.

Gwamnatocin jihohin Arewa ma suna da nasu kason. A 2020, da aka umarci jihohi su kafa kwamitocin sauraron koke-koke a kan 'yan sanda, Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Kano suna cikin waɗanda ba su kafa ba, gwamnonin Arewa kuma suka fito suka ce su SARS tana yi musu amfani wajen yaƙi da 'yan bindiga. Ana iya fahimtar tsoronsu, domin wanda gidansa ke cin wuta ba ya tambayar tsabtar ruwan da aka kawo. Sai dai sakamakon shi ne, an rufe wa talakan Arewa taga ɗaya da aka buɗe cikin shekaru masu yawa, kamar dai shi ba a taɓa harbinsa ba. Abin mamaki kuma, cikin 2022 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce wa jama'a su nemi bindiga su kare kansu daga 'yan fashin daji, a shekarar da aka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a kwanton ɓauna ɗaya a ƙasar Zuru. Hukumar da ta ce wa talaka ya ɗauki bindiga saboda ta kasa kare shi, ita ce kuma za ta tare shi da dare a hanya, cikin duhu, ba ya gane kaki na gaske da na bogi. Duk ranar da aka yi arangama a irin wannan hali, tambayar wa ya fara kuma wa ya san wane ne wa, ita ce za ta raba kare kai da kisan kai, kuma babu mai amsa ta sai bincike na gaskiya.

Saboda haka gyaran da ake bukata ba a hannun manomi yake ba, shi an riga an ɗaure nasa hannun gwargwadon yadda ya kamata, har ma da ƙari. Majalisar tarayya ce ya kamata ta koma kan sashe na 33 ta cire dukiya daga abin da ake kashe mutum dominsa, ta kuma ɗaure sauran ƙofofin biyu da sharaɗin cewa sai rai na cikin haɗari. Duk mutuwar da ta faru a hannun jami'in tsaro a kai ta gaban majistare mai binciken musabbabin mutuwa, ko dangi sun nema ko ba su nema ba, kuma kada rundunar da ake zargi ta zama ita ce mai binciken kanta. Harsashin da aka ba kurtu da safe a ƙirga shi da yamma, wanda ya ɓace a ji inda ya tafi. Wannan ba ƙiyayya ba ce ga ɗan sanda. Mai gaskiya a cikinsu, wanda ya yi harbi don ceton ransa ko na ɗalibai a ƙofar makaranta, shi ne zai fi kowa cin moriyar binciken, domin shi ne kaɗai abin da zai raba shi da abokin aikinsa mai harbin direba a kan naira ɗari.

Ɗaliban jami'a ba baƙi ba ne ga wannan zance. An harbe ɗalibi a Ibadan a 1971, an harbe wasu a Zariya da Legas a 1978, an sake a harabar Jami'ar Ahmadu Bello ranar 23 ga Mayu, 1986. Amma waɗannan ana tunawa da su, ana rubuta sunayensu, saboda 'yan boko ne. Manoman Bakolori sun ninka su sau da yawa, kuma mafi yawan abin da aka rubuta a kansu da Ingilishi yake, a mujallun da jikokinsu ba za su taɓa gani ba. Ga aiki nan a gaban Sashen Hausa, iri biyu. Ɗaya, a fassara sassan dokar nan da aka ambata cikin Hausa mai sauƙi wadda za a karanta a rediyo, yadda Bagunge da Bakambare da Basarke a kasuwar Warra, waɗanda Hausa ce ta haɗa su, za su san inda haƙƙinsu ya fara da inda ya tsaya. Na biyu, masu neman batun kundin digiri su ɗauki rakoda su nufi ƙauyukan Talatar Mafara da Maradun da Bakura, in hanya ta yi kyau, su naɗo bayanin waɗanda suka ga ranar 28 ga Afrilu da idonsu, da sunayen waɗanda ba su dawo gida ba. Saurayin da yake da shekara 20 a ranar ya haura 60 yanzu.